Jujin Seneca Meadows: wa ke da ikon cewa sharar ta isa haka?

Seneca Falls ƙaramin gari ne a jihar New York ta Amurka, mutanensa kusan 9,000. Littattafan tarihi sun san shi da taron neman 'yancin mata da aka yi a can a 1848. A 'yan shekarun nan kuwa, abin da ya fi yawo da sunansa a jaridu shi ne juji. A gefen garin, bakin hanya mai lamba 414, akwai Seneca Meadows, filin binne shara mafi girma da ke aiki a faɗin jihar.

Ranar 31 ga Disamba, 2025 ita ce wa'adin da aka daɗe ana ambata. Ita ce ranar da aka rubuta ta ƙarewar lasisin da jiha ta ba wurin, kuma ita ce ranar da wata dokar garin ta 2016 ta tsayar don a daina karɓar shara. Kamfanin da ke da wurin, reshen Waste Connections mai babban ofishi a Texas, ya nemi a ƙara masa shekara 15, zuwa 2040. Mai bin labarin daga nesa zai iya rikicewa: an ce doka ta rufe jujin, an ce majalisar garin ta soke dokar, an ce kotu ta dawo da ita, wata kotun ta sake rusawa, ta sama da ita kuma ta tayar da ita. Duk waɗannan sun faru, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake son faɗaɗawa

Lasisin wurin ya ba shi damar karɓar tan 6,000 na shara a rana. In aka ƙaddara tirela ɗaya tana ɗaukar tan 25, ana maganar tirela 240 ke nan a yini. Tudun da sharar ta gina ya kai kimanin ƙafa 280, wajen mita 85, a yankin da gonaki ne shimfiɗe ko ta ina. Daga nesa ake hango shi.

Buƙatar da kamfanin ya shigar a 2020 ita ce a cike wani kwari da ke tsakanin tuddan sharar da ake da su. Za a yi sabuwar shimfiɗa a fili mai faɗin eka 47, tsayin tudun kuma ya ƙaru da kimanin ƙafa 70. Kamfanin yana jaddada cewa bai nemi ƙarin tan a rana ba, bai kuma nemi ya ci gonar kowa ba, cikin shingensa zai yi aikin. Wannan gaskiya ne. Sai dai kwarin da ake magana a kansa yana zaune ne bisa wani tsohon juji da ake kira Tantalo, wanda aka zuba wa sharar masana'antu tun kafin a yi dokokin muhalli na zamani, kuma yana cikin jerin wurare masu guba da jihar ke sa wa ido. Ɗora sabon nauyi a kan tsohuwar guba na daga cikin abubuwan da aka fi kai ruwa rana a kansu.

Yadda jujin zamani yake aiki

Wanda ya saba da bolar unguwa, inda ake zubarwa a fili, awaki su yi kiwo, 'yan jari-bola su tsinci ƙarafa da robobi, da rani kuma a cinna wuta hayaƙi ya turnuƙe layi, sai ya ajiye wannan hoton a gefe. Filin binne shara irin na Seneca Meadows aikin injiniyoyi ne. Ana daddaɓe ƙasan ramin da yumɓu, a shimfiɗa roba mai kauri a kai, kuma jihar New York ta wajabta a yi wannan shimfiɗa ninki biyu. Sama da ita ana jera bututai masu huji. Motocin katafila suna danne shara kashi-kashi, kuma dokar tarayya ta ce a ƙarshen kowace ranar aiki a rufe ta da ƙasa mai kaurin inci 6 ko wani abin da hukuma ta amince da shi.

Abu biyu ne ke fitowa daga cikin irin wannan tudu, kuma a kansu duk gardamar muhalli take.

Na farko ruwan juji. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna ratsa sharar, su kwaso duk abin da ke cikinta, su taru a ƙasa baƙi ƙirin. Bututan nan su ne ke janye shi. A Seneca Meadows ana maganar galan miliyoyi masu yawa a shekara. Wani kaso ana tace shi a wurin, wani kuma tankoki ne ke kwasarsa zuwa matatun ruwan ƙazanta na wasu garuruwa, ciki har da Buffalo da Watertown. Matsalar ita ce ruwan yana ɗauke da sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ake sakawa a tukwanen da abinci ba ya kamawa, da rigunan ruwa, da takardun naɗe abinci, da kumfar kashe gobara. Ba sa ruɓewa, kuma matatun ruwan ƙazanta na yau da kullum ba a gina su don cire su ba, sai su bi ruwan da aka tace su shiga kogi. An danganta wasu daga cikinsu da ciwon dajin ƙoda da raunin garkuwar jiki. A Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta tarayya ta ƙayyade biyu daga cikinsu, PFOA da PFOS, a ruwan sha: kada su wuce kashi 4 cikin tiriliyan. Jujin ba shi ke ƙera waɗannan sinadarai ba, a cikin sharar mutane suke zuwa masa. Amma shi ne ke tara su wuri guda, shi ne kuma ke sake fitar da su a ruwa.

Na biyu iskar gas. Ragowar abinci da takarda da ke ruɓewa inda iska ba ta shiga suna fitar da gas wanda kusan rabinsa metan ne. A tsawon shekara 20, metan yana riƙe zafi a sararin samaniya ninki 80 da wani abu fiye da iskar kabon. Jujayen birane su ne na uku a jerin manyan hanyoyin da ayyukan mutane ke fitar da shi a Amurka. Ana huda rijiyoyi a jikin tudun a zuƙe gas ɗin, a ƙona shi ko a samar da lantarki ko a tace shi a sayar, kuma Seneca Meadows yana yin haka. Ba a dai iya kama shi duka. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024, wanda aka yi da jiragen sama a kan jujaye fiye da 200 a Amurka, ya tarar da manyan wuraren yoyo a sama da rabinsu. Metan ba shi da wari. Ɗoyin da maƙwabta ke kuka da shi daga wasu iskokin da ke biyo shi yake, musamman mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Yadda sharar birni ta koma ƙauye

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: me ya kawo tan 6,000 a rana garin mutum 9,000? Masu adawa da jujin suna cewa sharar gundumar Seneca kanta, inda garin yake, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake binnewa ba. Sauran daga wasu gundumomin jihar take, da birnin New York mai nisan sama da kilomita 400, da jihohi maƙwabta irin su Massachusetts da Connecticut.

Abu uku ne suka haɗu. A da kusan kowane gari yana da ɗan jujinsa. A 1988 Amurka tana da kusan 8,000. Sai gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idoji a 1991, ƙarƙashin wata dokar shara ta 1976, waɗanda suka wajabta shimfiɗa da janye ruwan juji da auna ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan garuruwa ba su da kuɗin wannan aiki, suka rufe nasu. Zuwa 2010 adadin ya faɗo ƙasa da 2,000. Sharar ba ta ragu ba, alƙaluman hukuma na 2018 sun nuna tan miliyan 292 a shekara, kusan rabi kuma binnewa ake yi. Dokar da aka yi don tsabtace muhalli ta yi aikinta, amma ta haifi manyan jujaye na kamfanoni, waɗanda ba sa cin riba sai sun tara sharar yanki guda.

Sannan akwai Kotun Ƙolin Amurka. A 1978, a shari'ar birnin Philadelphia da jihar New Jersey, ta yanke cewa shara haja ce kamar kowace haja, jiha ba ta da ikon hana ta shigowa don kawai daga wata jiha ta fito. A 1992 ta rusa wata dokar Michigan da ta ba gundumomi damar ƙin karɓar sharar waje. Ma'ana, gari ba zai ce wa juji mai zaman kansa "namu kaɗai za ka karɓa" ba.

Na uku, birnin New York ya rufe babban jujinsa na Fresh Kills a 2001. Tun daga lokacin duk abin da mutane sama da miliyan 8 suka zubar sai an fitar da shi a mota ko jirgin ƙasa ko kwale-kwalen dako. Ƙasa a yankin Finger Lakes, inda Seneca Falls yake, tana da araha, ga babbar hanya kusa. Haka yankin ya wayi gari da uku daga cikin manyan jujayen jihar: Seneca Meadows, da High Acres, da na gundumar Ontario.

Ƙuri'a uku

Majalisar garin Seneca Falls kujera biyar ce, shugaba da kansiloli huɗu. Duk ɓangaren da ya sami uku ya yi rinjaye, kuma a zaɓen gari irin wannan 'yan ɗaruruwan ƙuri'u sun isa su juya kujera.

Rigimar ta yi zafi ne a 2015 zuwa 2016, lokacin da aka shirya wata kwangilar dala biliyan 3.3 ta shekara 20, wadda za a riƙa kawo sharar birnin New York ta jirgin ƙasa. Mutanen gari suka tayar da ƙayar baya, kamfanin ya janye a 2016. A Disamban shekarar majalisar ta kafa Doka ta 3, wadda ta ce bayan ƙarshen 2025 babu sauran binne shara a garin. Da kujeru suka sauya hannu, sabuwar majalisa ta soke dokar a 2017. Wani kamfanin sayar da kwalabe da ke maƙwabtaka da jujin ya kai ƙara, alƙali ya rusa sokewar, Doka ta 3 ta dawo. Shi ma Seneca Meadows ya garzaya kotu. A 2023 wani alƙali ya ba shi gaskiya ya rusa Doka ta 3. A Disamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, bisa hujjar cewa kamfanin bai cancanci shigar da ƙarar irin wannan ba, daga nan aka nufi kotun ƙolin jihar.

Akwai abin lura a nan. A duk wannan ja-in-ja, alƙalai ba su zauna auna ko jujin yana cutar da mutane ba. Jihar New York tana da dokar 1975 da ta ce kafin hukuma ta ɗauki matakin da zai shafi muhalli, sai ta zauna ta yi nazarin tasirinsa da gaske. Da wannan sandar aka doke sokewar 2017, da ita kuma aka doke dokar 2016. Kowace majalisa ta yi sauri don ta ci moriyar rinjayenta kafin zaɓe ya ƙwace shi, kowacce kuma ta bar ƙofar da lauyoyin ɗaya ɓangaren suka shiga.

Kuɗi ma ya shiga zaɓen. A 2021 Waste Connections ya ba wata ƙungiyar kamfe mai suna Responsible Solutions for New York dala 200,000, ƙungiyar ta tallata 'yan takara a zaɓen majalisar garin da na gunduma, kuma waɗanda ta mara wa baya a Seneca Falls sun ci. Dokar Amurka ba ta hana irin wannan kashe kuɗi ba. Amma a zaɓen da aka saba yi da 'yan dubban daloli da allunan ƙofar gida, adadin ya yi nauyi ƙwarai, kuma ya ƙara wa masu adawa hujjar cewa ba a barin garin ya yanke shawara da kansa.

Abin da kowane ɓangare yake cewa

Masu goyon bayan faɗaɗawa ba sa cewa juji abin so ne. Lissafi suke kawowa. Akwai yarjejeniyar da a ƙarƙashinta kamfanin ya riƙa biyan garin kuɗin masauki, wajen dala miliyan 3 a shekara, kuma ya yi tayin ninka wannan kuɗi in aka bar shi ya kai 2040. A Amurka ƙananan hukumomi da harajin gidaje da filaye suke rayuwa, da shi ake biyan 'yan sanda, a gyara titi, a share ƙanƙara. Seneca Falls tsohon garin masana'antu ne da yawancin masana'antunsa suka tashi, da yawan masu gidajen kuma 'yan fansho ne. In kuɗin masauki ya tsaya, ko dai a ƙara haraji ko a rage ayyuka. Suna kuma ambatar ma'aikatan wurin da direbobi da 'yan kwangila, da gudummawar da kamfanin ke ba ƙungiyoyin gari, da fadamar da ya farfaɗo ya mayar wurin shaƙatawa. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta jiha baki ɗaya: tan 6,000 ɗin nan ba za su ɓace ba ranar da aka rufe ƙofa. Za a ɗora su a tirela zuwa Pennsylvania ko Ohio, a ƙona ƙarin man dizal, a sauke su a bayan gidan wasu.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyar Seneca Lake Guardian da masu gonakin inabi da otal-otal, da wari suke farawa, don shi ne abin da kowa ke ji ba sai da na'ura ba. Mazauna Seneca Falls da garin Waterloo da ke maƙwabtaka da shi sun daɗe suna ƙorafin cewa akwai ranakun da ba a iya buɗe taga, ɗoyin yana kaiwa har makarantu. Suna cewa arzikin yankin na gobe yana ga tafkunan Seneca da Cayuga, da wuraren sarrafa inabi sama da 100 da ke jawo masu yawon buɗe ido, kuma tudun shara mai ƙara tsayi yana cin wannan kasuwa. Suna tuna wa jiha dokarta ta yanayi ta 2019, wadda ta yi alkawarin rage hayaƙi mai ɗumama duniya da kashi 40 cikin 100 zuwa 2030, da kashi 85 zuwa 2050, alhali ɓangaren shara ne ke fitar da kimanin kashi 12 na hayaƙin jihar. Game da "ina za a kai ta", amsarsu ita ce muddin akwai rami mai araha a buɗe, ba wanda zai matsa wa kansa ya rage shara. Suna kuma nuni da Chiquita Canyon a Kalifoniya, shi ma na Waste Connections: gundumar Los Angeles ta amince da faɗaɗa shi a 2017, a 2022 wani tsohon sashensa ya fara zafi daga ciki yana aman gas da ruwan juji, ƙorafe-ƙorafe dubbai suka biyo baya, a farkon 2025 ya daina karɓar shara. Wuraren biyu ba ɗaya ba ne a yanayi ko a ƙasa, amma misalin ya nuna cewa sashen da aka rufe ma yana iya tayar da fitina.

In aka auna, kowane ɓangare yana da inda ya fi rauni. Masu goyon baya ba su da amsa mai gamsarwa kan abin da zai hana a sake neman ƙari a 2040, tunda 2025 ma an taɓa ɗaukar ta a matsayin ƙarshe. Masu adawa kuma sun fi ƙarfi wajen bayyana illa fiye da nuna inda za a samo kuɗin da zai maye gurbin na masauki.

Wa ke riƙe da wuƙa da nama

Ikon ya rabu gida uku. Gari yana da hurumin tsara amfani da ƙasa da ba da lasisinsa. Ma'aikatar kare muhalli ta jiha, DEC, ita ke ba da lasisin binne shara da na fitar da iska, bayan rahoton tasirin muhalli da sauraren ra'ayin jama'a. Kotu kuma tana duba ko an bi ƙa'ida. Dalilin da ya sa ranar ƙarewar lasisi ba ta nufin a sa kwaɗo a ƙofa shi ne dokar gudanarwa ta jihar: wanda ya nemi sabuntawa a kan lokaci, tsohon lasisinsa yana ci gaba da aiki har hukuma ta yanke hukunci. Abin da ke iya tsayar da shi kafin nan shi ne cikar ramin da aka riga aka amince masa.

A Nuwamban 2021 masu zaɓe a New York, kimanin kashi 70 cikin 100, sun amince a saka a tsarin mulkin jihar cewa kowa yana da haƙƙin iska da ruwa masu tsabta da muhalli mai lafiya. Maƙwabtan jujin High Acres ne suka fara gwada wannan haƙƙi a kotu. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a yi amfani da shi a tilasta wa DEC ta hukunta juji ba, don wannan zaɓin hukumar ne. Hukuncin ya rage wa makamin kaifi sosai.

Gundumar Ontario da ke maƙwabtaka ta bi wata hanya: a ƙarshen 2024 majalisarta ta ƙuduri rufe nata jujin a 2028. Bambancin shi ne filin nata ne, haya ta ba kamfanin Casella, ranar ƙarewar hayar kuma tana rubuce. A Seneca Falls filin na kamfani ne.

Abin da zai taɓa mutane

In aka faɗaɗa, mai gida a Seneca Falls zai ga harajinsa bai yi tsalle ba, wataƙila ma ya sauka, garin kuma zai sami kuɗin gyara bututan ruwa da tituna. Wanda gidansa ke inda iska ke kaɗowa daga tudun zai ci gaba da zama da wari da rugugin tireloli shekara 15, kuma ribar harajin ba za ta bambanta shi da wanda ke can ƙarshen gari, wanda ba ya jin komai, ba. Wannan rashin daidaito a cikin garin shi ke raba maƙwabta a zauren majalisa.

In aka rufe, garuruwan jihar da suka dogara da wurin za su biya ƙarin kuɗin dako, wanda zai bayyana a takardar kuɗin kwasar shara ta kowane gida, musamman da yake na Ontario ma yana dab da rufewa. Matakan rage shara sun fara, amma da sauran tafiya: tun 2022 jihar ta wajabta wa manyan wuraren da ke fitar da tan 2 na ragowar abinci a mako su bayar da mai kyau, sauran kuma su kai inda ake mayar da shi taki in akwai a kusa, birnin New York kuma ya faɗaɗa ware ragowar abinci zuwa dukkan unguwanninsa a Oktoban 2024.

Ko wanne aka zaɓa, tudun yana nan. Zai ci gaba da fitar da gas da ruwan juji shekaru masu yawa bayan tirela ta ƙarshe. Dokar tarayya ta ɗora wa mai juji kula da wurin na shekara 30 bayan rufewa, tare da ajiye kuɗin jingina don aikin, kuma jiha tana iya tsawaita wa'adin. Sinadaran PFAS da ke ciki za su wuce wannan wa'adi nesa ba kusa ba, shi ya sa yawan kuɗin jinginar da sharuɗɗan sa ido bayan rufewa suke cikin abubuwan da lauyoyin gari da na kamfani suka fi tsayawa a kansu a duk sabuwar yarjejeniyar masauki.